Mitar Kurame

Mijina mai gyaran sifika ne. Ba manyan nan da ake jibgewa a filin taro ba, na cikin falo nake nufi, tsofaffi masu akwatin katako, irin waɗanda mutum biyu ke ɗauka suna nishi. Shekara talatin da huɗu ke nan yana wannan aikin a ɗakin gaban gidanmu. Ƙofa ɗaya na kallon titi, ɗayar kuma na buɗewa ta tsakar gida, daidai inda nake wanke-wanke. Saboda haka ni ma na koyi rabin sana'ar ba da son raina ba, ta kunne ta shige ni ina cuɗa tukunya.

A layinmu Mai Kunne ake ce masa, kuma ba ya ɓoye cewa sunan na yi masa daɗi. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, yatsunsa kullum da busasshen gam. Ba shi da hira sai ta sifika, amma in ka taɓo masa ita, to ka nemi wurin zama. Ni Malam nake ce masa. Shi kuwa tun muna amare ya laƙaba min 'Yar Tuwita, wai don muryata siririya ce. Tuwita ita ce 'yar ƙaramar sifikar da ke saman akwatin, mai fitar da siririn sauti irin na cokali a bakin kofi. Babbar ta ƙasa, mai faffaɗar takarda a fuska, ita ce mai bugun ƙirji. Na yi kusan shekara ina fushi da sunan nan, da na ga fushin ba ya rage kowa sai ni, na haƙura.

In aka kawo masa sifika ba ya fara taɓa sukudireba. Sai ya jona ta da tsohuwar amfilifayarsa, ya sa wani kaset guda ɗaya da ya girmi 'yarmu ta fari, ya rufe ido, ya karkata kai. Minti ɗaya bai cika ba zai ce, "Soson bakin takardar ya ruɓe," ko "Koyil na gogar ƙarfe," wato naɗin wayar da ke ciki, ko "Ba ita ba ce, akwatin ne ke shan iska ta baya." A buɗe a tarar haka ne. In kuma ya ciro sifika daga akwati, da batirin tocila da 'yan wayoyi biyu yake gwada ta. Babba in tana da rai takardarta za ta yi tsalle kowa ya gani. Tuwita ba ta motsin da ido zai kama, sai dai ta yi wani ɗan ƙas-ƙas, kamar an taka busasshen ganye daga nesa. Wannan ƙas-ƙas ɗin shi ne duk shaidar ranta.

'Yarmu ta fari, da ta fara aiki, ta sayo masa mita mai allura, irin wadda sauran masu gyara ke dangwalawa a waya su ga ko wuta na bi. Ya karɓa, ya sa mata albarka, ya juya ta gaba da baya, sannan ya ce, "Ki yi haƙuri uwata, mita ta kurame ce." Ya saka ta a durowar ƙasa da kwalinta. Duk wanda ya shigo shagon sai ya ji wannan maganar, har masu shagunan layin suka haddace ta suna tsokanar juna da ita.

Wata ɗabi'arsa kuma, ba ya zubar da abin da ya ciro daga kayan mutane. Zai manna 'yar takarda a bayan maganaɗisun, ya rubuta mai shi da ranar da ya cire, ya jefa a wani babban kwali da ke ƙarƙashin tebur. Maƙabarta yake kiran kwalin. Ya ce ko bayan shekara goma mutum ya dawo yana cewa an cuce shi, ga gawar nan, ya zo ya duba da kansa.

Sai na faɗi labarin Tsoho kafin a gane tsoron da na zauna da shi. Tsoho shi ya koya wa Malam aiki, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa. Kunnensa ya riƙa tafiya a hankali, ranar da ya tabbatar kuwa sai ya sa wa shago kwaɗo, ya jawo benci ya zauna a ƙofa. Ba ciwo ba komai. Yana ci kaɗan, ba ya magana, mutane na wucewa suna ɗaga masa murya da gaisuwa shi kuma yana kallon bakinsu. Malam na zuwa kullum da yamma ya zauna kusa da shi su yi shiru tare. Wata bakwai Tsoho ya yi a bencin nan, aka wayi gari babu shi. Da Malam ya dawo daga binne shi, ya tsaya a tsakar gida ko takalmi bai cire ba, ya ce min, "Ranar da kunnena ya tafi, kada ki wahalar da kanki da jinya. Ki ɗauka na riga na tafi." Na ce ya daina mugun baki. Bai yi dariya ba, kuma na san mijina, ba ya faɗin abin da ba ya nufi. Bencin ma shi aka bar wa, ya kawo ya jingine a bayan ƙofar shago.

Wata rana da hantsi na shiga kai masa shayi, na same shi da tuwitar wani direba a hannu. Ya dangwala wayar batir. Na ji ƙas-ƙas sarai, daga bakin ƙofa ma. Ya kai ta kunne, ya sake dangwalawa, ta sake yi. Sai ya taɓe baki ya ce, "Allah ya jiƙan ki," ya manna takarda, ya jefa ta maƙabarta.

Na buɗe baki zan ce, "Malam, ai ta yi," sai idona ya faɗa kan bencin nan. Na ajiye kofin na fita, na tsaya gaban tukwane ina kallon su kamar ban taɓa ganin su ba. Na ce wa kaina hayaniyar titi ce ta hana shi ji, kuma na fi wata guda ina rungume da wannan ƙaryar.

Amma abu ya ƙi ɓoyuwa. Muna da wata buta mai yin fito in ruwa ya tafasa. Yana zaune taku uku daga inda take, ta yi ta ihu har ruwan ya kusa ƙarewa, bai ɗago kai ba. Wata rana da yamma muna zaune ƙarƙashin bishiyar tsakar gida, tsuntsaye na ta surutu a kanmu kamar kasuwa, ya ɗaga kai ya ce, "Tsuntsayen nan ƙaura suka yi ne? Na daɗe ban ji su ba." Na ce, "Sun ƙaura."

Daga ranar na zama ɓarauniya a gidana. Butar na ba wa ƙanwata, na ce masa ta fara yoyo. Wayarsa na faki idonsa na sauya mata ƙara zuwa wata mai kauri kamar ganga. Muryata ma sai da na sauya. Na koyi yin magana daga ƙirji, na koyi tsayawa inda zai ga bakina kafin in ce komai. Har ya riƙa tsokanata, wai, "'Yar Tuwita, tsufa ya mai da ke babbar sifika." In yi dariya, in juya baya in goge ido da bakin zane.

Ranar da na fi tsorata da titi, ya fita sayen gam a shagon da ke tsallake, ni kuma ina bakin ƙofa ina zubar da shara. Wani mai babur ya taho a guje yana ta danna hon, irin siririn hon ɗin nan mai shiga haƙori. Kowa a layin ya waiga ban da Malam. Mai babur ya taka birki, tayar baya ta ja ƙasa, hannun babur ɗin ya shafi rigarsa ya wuce. Ya dawo yana faɗa, wai masu baburan yanzu ko hon ba su iya yi ba. Ni kuwa na zauna a dokin ƙofa da kwandon shara a hannu. Tun daga nan duk wani aike na tsallaken titi ni ke zuwa, in ce ina son miƙe ƙafa.

'Yarmu ta fari ta gane da kanta, don in sun yi waya sai ta maimaita abu sau uku. Ta kira ni ta ce, "Mama, ki faɗa masa mu kai shi asibiti."

Na ce, "Ke ba ki ga Tsoho a bencin nan ba, kina goye a lokacin."

Ta ce, "To so kike ya ji a bakin wani?"

Na balbale ta da faɗa na kashe wayar. Gaskiya ta faɗa, shi ya sa abin ya fi ƙona min rai.

Kwalin kuwa sai cika yake. Malam ya ce ai zamanin tsofaffin tuwitoci ne ya ƙare, duk sun fara mutuwa lokaci guda. Yana cire su yana sa sababbi, kuma cikin sababbin ma masu tsawa yake zaɓa, don su kaɗai ke ɗan isa kunnensa. Masu kaya su zo karɓa, ya kunna musu, su kalli juna, su ce an gode. Nauyinsa suke ji, wa zai ce wa Mai Kunne sautinsa bai yi ba? Wasu ba su sake dawowa ba. Ni kuma ina tsakar gida ina jin kowace ƙas-ƙas, ina jin faɗawarta cikin kwali, ina ci gaba da wanke-wankena. Na sani sarai kayan mutane ne masu rai ake binnewa, na zaɓi mijina na yi shiru.

Ana haka Sista ta zo. Tsohuwar nas ce da ta yi ritaya, doguwa mai sanda, ba ta iya zagaye-zagaye a magana ba. An sauke mata sifiku biyu daga mota, masu jan katako, na mijinta da ya rasu bara. Ta ce kullum da la'asar yakan kunna su, tun da ya tafi falon ya yi mata faɗi, ta kunna sai ta ji manyan na ƙasa suna wani ɓar-ɓar. Malam da ya gan su sai da ya miƙe tsaye. Ya shafa katakon ya ce sau ɗaya ya taɓa ganin irinsu, a shagon Tsoho, kuma ko taɓawa ba a bari ya yi ba.

Yana duƙe yana cire murfin gaba, Sista ta yi masa tambaya daga bayansa. Bai amsa ba. Ta sake, shiru. Sai na ga ta zagayo ta tsaya a gabansa, ta maimaita a hankali tana kallon sa. Da suka gama ta ce in taimaka mata da ruwan sha, ta biyo ni har tsakar gida.

Ta ce, "Tun yaushe?"

Na ce, "Tun yaushe me, Sista?"

Ta ce, "'Yar'uwa, shekara talatin na yi a asibiti."

Na kama hannunta da hannu biyu na ce don Allah ta rufa min asiri, na ba ta labarin bencin a gurguje. Ta ce, "Ba zan faɗa masa ba, ba hurumina ba ne. Amma ki ji da kyau, manyan ne ke da ciwo. Ƙananan lafiyarsu ƙalau, jiya ma na ji su. In wani abu ya same su, ni da ke ne."

Kwana uku ya yi a kan manyan. Soson da ke riƙe bakin takardar ya ruɓe, ana taɓa shi yana zuba kamar gari. Ya kankare tsohon gam da bakin reza, ya yanko sabon soso, ya cusa 'yan siraran takardu ya daidaita koyil a tsakiya don kada ya gogi ƙarfe, ya bi da gam da tsinke. Hannun nan bai manta komai ba. Ina leƙe ina addu'a ya tsaya nan, ya ɗaure ya miƙa mata kayanta.

Rana ta huɗu bayan azahar ya mayar da su cikin akwati ya sa kaset ɗinsa. Ina tsakar gida na saki abin da ke hannuna. Na daɗe ban ji sauti irin wannan daga shagon ba, cikakke, mai taushi, siririn na yawo a sama tas kamar mai kiɗan na cikin ɗakin. Sai ya kashe ya ƙwala min kira.

Ya ce, "Zo ki ga abin tausayi. Ƙananan duka biyun sun mutu."

Na ce da muryar ƙirjina, "Malam, ai ita manyan ta kawo a gyara. Ka bar mata haka."

Ya ce, "In ba wa matar nan rabin sauti? Irin waɗannan ba a samun su ko'ina, in sun mutu sun mutu ke nan. Bari dai in tabbatar, wataƙila ba su ba ne, kayan da ke tace musu sauti ne."

A cikin kowane akwati akwai 'yan kayan da ke tare wa tuwita sauti mai nauyi, don ba ta iya ɗaukarsa. Ya ciro guda ɗaya, ya tsallake waɗannan kayan, ya jona ta kai tsaye da amfilifaya. Ni da na koyi aikin daga bakin tukunya ma na san ba a yin haka sai da ɗan sauti kaɗan. Da kaɗan ɗin ya fara. Ta ɗauka nan take. Ya manna ta a kunne, ya juya min baya, ya murɗa maɓallin ƙara sauti. Ya ƙara murɗawa. Ya ce, "Kamar tana so ta yi," ya sake murɗawa.

Ƙarar da ta cika ɗakin ban taɓa jin irinta ba. Ta shiga haƙorana, ta shiga tsakiyar kaina, ga shi ya danna abin a kan ɗan kunnen da ya rage masa. Na toshe kunnuwana ina ihu ya rage, ya rage, bai san ina yi ba. Na yunƙura zan fizge wayar daga bango, kafin in kai sai ƙarar ta yanke da kanta.

Shagon ya yi tsit. Sai wari ya taso, warin ƙonanniyar waya, wani siririn hayaƙi na fita daga gefen tuwitar. Malam ya sauke ta daga kunne. Ya shinshina. Ya taɓa bayanta ya janye yatsa da sauri.

Ya ce, shi kaɗai, a hankali, "Da zafi." Ya juya ta a hannu. "Matacciya ba ta ƙonewa. Wadda wayarta ta tsinke, ta ina wuta za ta bi ta?"

Sannan ya juyo. Hannayena na nan a kan kunnuwana, na manta ban sauke ba. Ya kalle su, ya kalli fuskata. Na sha ganin mijina cikin fushi da baƙin ciki, amma ranar na fara ganin tsoro a idonsa, kuma da ma ban gani ba.

Ya ce, "Me ya sa kika toshe kunne?"

Na sauke hannayena.

Ya ce, "Buɗe durowar ƙasa."

Na ciro mitar da kwalinta, ƙura ta yi mata riga. Ya sa mata batir. Ya dangwala a ƙonanniyar, allura ba ta motsa ba. Ya ciro ɗayar ta Sista ya dangwala, allura ta tashi ta tafi can gefe. Sai ya durƙusa ya jawo maƙabarta daga ƙarƙashin tebur.

Ɗaya bayan ɗaya ya bi su, daga sama zuwa ƙasa. Ya karanta takardar, ya dangwala, allura ta tashi, ya ajiye a dama. Ta mai kemis. Ta tela. Ta malamin makarantar da ya daina gaishe mu. Ina tsaye jingine da bango ina jin kamar ni ake gwadawa. Tebur ya cika, ya koma jerawa a ƙasa. Talatin da bakwai ya jera kafin ya kai ga ta direban nan, ita ma allura ta tashi. Daga ita zuwa ƙasa kuwa duk matattu ne na gaskiya. Ya ɗaga ta direban ya karanta ranar da ya rubuta da hannunsa.

Ya ce, "Shekara biyu da wata huɗu." Ya ɗago. "Kin sani?"

Na ce, "Na sani."

Ya ce, "Tsuntsayen fa?"

Na ce, "Suna nan, Malam."

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya mayar da su cikin kwali, ya kashe fitilar tebur, ya ɗauko bencin daga bayan ƙofa ya fitar, ya sa wa shago kwaɗo, ya zauna.

Kwana uku ina leƙen sa ta tsagar ƙofar gida. Da safe ya fita ya zauna, hannu bisa gwiwa, mutane na wucewa suna gaishe shi yana kallon bakinsu. In kai abinci ya taɓa kaɗan ya ture. Ko kafaɗarsa ta fara zama irin ta Tsoho. Abin da na yi shekara biyu ina ƙarya don kada ya faru ga shi a gabana, kuma ƙaryata ce ta ƙara masa nauyi. In na ji shiru ya yi yawa sai in fita da gudu in duba, in tarar yana nan yadda na bar shi. Sista ta aiko a tambayi kayanta, na ce a ce mata gam bai bushe ba.

A rana ta uku tsoron ya juye min ya zama fushi, ni dama haka nake. Na shiga shagon ta ƙofar tsakar gida, na jawo kwalin nan, nauyinsa kamar zai ɓalle min baya, na ja shi ta zaure har titi, na dire shi a kan bencin kusa da shi. Na tsaya a gabansa inda zai ga bakina.

Na ce, "Kai ka ce ko bayan shekara goma mutum ya dawo ga gawarsa nan. To waɗannan ba gawa ba ne, kayan mutane ne. Tsoho da ya rufe shago bai bar ko sukurun wani a ciki ba. In bin sa za ka yi, ka bi shi, ban isa in hana ka ba. Amma sai ka mayar wa kowa nasa tukuna, ka sa masa da hannunka. Ga ta matar nan kuma da ka ƙona, ta mijinta ce, ba ta da wata."

Tela ya leƙo, mai kemis ya fito ƙofa, ban damu ba. Malam ya kalli bakina har na gama, ya kalli kwalin. Na koma ciki, na tabbata na ƙarasa shi.

Washegari da na fito shara na ga ƙofar shago ta ciki a buɗe. Yana zaune ƙarƙashin fitila da gilashin ƙara girma a ido, ya buɗe ƙonanniyar tuwitar, yana warware wata waya da ba ta kai gashin kai kauri ba, yana ƙirga zagayen da leɓe. Mitar na gefensa, an goge mata ƙura.

Yau wata biyar ke nan. Ya yarda 'yarmu ta kai shi asibiti, likita ya ce abin da ya tafi ya tafi, sai dai a tattala saura. Sun ba shi 'yar na'urar sawa a kunne, yana sawa in zai tsallaka titi, amma ya ce sautinta na ƙaramar rediyo ne, ba zai auna kayan mutane da ita ba. Masu tuwitoci yana bin su gida-gida, ya yi sallama, ya faɗi abin da ya yi ba tare da kwana-kwana ba, ya mayar musu da tasu. Saura goma sha ɗaya a kwalin. Ban san abin da zai faru ranar da suka ƙare ba, bencin na nan a bayan ƙofa, kuma ba zan ɓoye muku ba, in ya ce yau zai kai biyu sai in ce rana ta yi zafi ya kai ɗaya.

Ta Sista kuwa kwana shida ya yi yana naɗa ta, wayar ta tsinke masa sau huɗu yana sakewa daga farko. A rana ta shida ya kira ni. Ya dangwala mita, allura ta tashi. Ya ce, "Wannan ta ce wuta na bi. Ba ta san ko ana jin abu ba." Ya jawo min kujerarsa, wadda ban taɓa zama a kai ba shekara talatin da huɗu, ya miƙo min tuwitar ya ce in kai kunne. Ya ɗauki batir da 'yan wayoyinsa biyu. Bai kalli tuwitar ba, ni ya zuba wa ido. Ya dangwala.

Ƙas-ƙas.

Ya ce, "'Yar Tuwita, ta yi?"

Na manta da muryar ƙirjin da na yi shekara biyu ina aro. Tawa ta ainihi ce ta fito, siririyar nan da ya sa min suna saboda ita. Na ce, "Ta yi, Malam."

Ya ci gaba da kallona yana jira. Sai na gyaɗa masa kai.